Yadda za ku shirya fim ɗin barkwanci mai ɗaci kan zaluntar ma'aikata a Saudiyya

Wani matashi mazaunin Jidda ya aiko da tambaya. Shi da abokansa suna so su shirya gajeren fim na Hausa, wanda bai wuce minti ashirin ba, a kan wani kamfanin shara da goge-goge da ke tatsar ma'aikatansa. Suna so a yi dariya, amma irin dariyar da in an gama ta mutum zai ji abu ya tokare masa maƙoshi. Sun rubuta labarin har sau biyu, na farko ya fito kamar wa'azi, na biyu ya fito camama. Yana tambayar yadda ake gina irin wannan labari, da kayan aikin da ake buƙata, da abin da zai iya haɗa su da hukuma.

Ƙanena, abin da ya ɓata rubutunku na farko da na biyu duk ɗaya ne. Kun ɗora nauyin fim ɗin a kan halin mutane: mugun manaja da ma'aikaci abin tausayi. In aka yi haka, hanya biyu ce kawai ta rage, ko ma'aikacin ya yi ta kuka ana wa'azi, ko ya yi ta faɗuwa ana shewa. Barkwanci mai ɗaci a kan lissafin kamfani yake tsayawa. Kowa a cikin fim ɗin yana bin ƙa'ida, yana magana cikin ladabi, yana cike takarda, amma abin da ƙa'idar ke haifarwa hauka ne tsagwaronsa. Mai kallo shi kaɗai ne yake ganin haukan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasan gauta ana kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, kuma mai kwaikwayon ba ya dariya. 'Yan kama ma haka suke, fuska a murtuke, magana kamar ta malamai, jama'a kuwa suna riƙe ciki. Da zarar ɗan wasa ya nuna ya san abin dariya yake yi, ɗacin ya tafi.

Saboda haka aikin farko shi ne ku san dokar ƙwadago ta ƙasar sosai, don a cikinta ne abin dariyar yake kwance. Masu kallonku na farko ma'aikata ne da suka san albashinsu har halala, wato kwabon riyal, kuma in kun yi kuskuren lamba ɗaya za su daina yarda da sauran fim ɗin.

Lokacin aiki awa 8 ne a rana, 48 a mako. A watan azumi yana komawa awa 6 a rana, 36 a mako ga Musulmi. Duk awar da aka ƙara ana biyan ta da kuɗin awa ɗaya, a ƙara rabin kuɗin awa na ainihin albashi. Mai ɗaukar riyal 1,200 a wata ke nan ranarsa riyal 40 ce, awarsa riyal 5, awar ƙari kuwa 7 da rabi. Tarar da kamfani zai cire masa a wata ɗaya ba ta wuce kuɗin kwana biyar, wato riyal 200. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar. Kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama, wato takardar izinin zama, da na lasisin aiki duk a wuyan kamfani suke, kuma riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne. An hana sa mutum aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Tun 2013 akwai tsarin kare albashi da ke tilasta wa kamfanoni biya ta banki. Daga 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ba, yana kuma iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar gwamnati ta Absher. Wannan gyaran bai shafi masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Su dokarsu daban ce, don haka in kun mayar da jarumarku mai aikatau a gida, lambobin nan duka ba nata ba ne. An kuma yi wa dokar gyare-gyare da suka fara aiki a Fabrairun 2025, don haka ku karanta sabon rubutun kafin ku kulle labari.

Sashen da ya fi kowanne amfani ga marubuci shi ne kuɗin sallama. Sashe na 84 ya ce ma'aikaci yana da rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Sashe na 85 ya ce in shi ne ya ajiye aikin da kansa, kashi ɗaya cikin uku zai samu in ya yi shekara biyu zuwa biyar, kashi biyu cikin uku in ya wuce biyar bai kai goma ba, cikakke kuwa sai ya cika goma. To ga labari a hannu. Ɗauki dattijo mai goge-goge, mu kira shi Malam Tanko, albashinsa 1,200, saura masa wata ɗaya ya cika shekara goma. In ya cika, kuɗinsa riyal 9,000 ne: 3,000 na biyar ɗin farko, 6,000 na biyar ɗin ƙarshe. In aka sa ya ajiye aiki yau, abin da zai karɓa riyal 5,933 ne. Tsakani akwai 3,000 da 'yan kai. Mai kamfanin ya aiko wa manaja saƙon murya cewa kada wannan kuɗi ya fita. Fim ɗin duka kwana talatin ɗin nan ne, kuma kamfanin zai kashe ninkin-baninkin wannan kuɗi wajen ƙoƙarin hana shi.

A nan akwai rami da za ku toshe. Wanda ya san doka zai ce ai kwantiragin baƙo mai wa'adi ne, in wa'adin ya ƙare aka rabu cikakken kuɗi ake biya. Gaskiya ne. Ku sa jimla ɗaya a bakin akawun kamfanin cewa an sabunta kwantiragin kwanan nan bisa kuskure, saura wata goma sha ɗaya. Shi ke nan, hanya biyu ta rage wa manaja: ko Tanko ya rubuta da hannunsa cewa ya bari, ko a kore shi da sashe na 80, wanda ke hana kuɗin sallama gaba ɗaya in mutum ya yi fashin aiki ba dalili fiye da kwana 15 a jere ko fiye da 30 a warwatse cikin shekara, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce.

Yanzu sai abin da zai riƙe fim ɗin, abu ɗaya da ake gani da ido. Ku duba hannun mutumin da ya shekara goma yana tsoma shi a sinadarin wanke bayi ba safar hannu. Zanen yatsunsa ya shafe. Kamfanin ya daɗe da soke sayen safar hannu don rage kashe kuɗi. Ga yadda fitowar za ta kasance: manaja ya kira Tanko ofis, ya ba shi kujera karon farko a rayuwarsa, ya sa aka kawo masa shayi a ƙaramin kofi, ya tura masa takarda da Larabci ya ce ta godiya ce, dangwala kawai zai yi. Tanko ya goge babban yatsansa a riga, ya danna a tawada, ya danna a takarda. Sai baƙin tabo sumul kamar ɗigon mai. Aka gwada na hagu, haka. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, takardar murabus ta cika da tabo goma, akawu yana ɗaga ta saitin fitila yana girgiza kai. Tanko yana ta ba da haƙuri, yana tambaya ko za a cire masa kuɗin takardar da ya ɓata. Ba wanda ya yi murmushi a ɗakin. Masu kallo za su yi dariya, sannan su tuna abin da ya cinye yatsun.

Wannan yatsa shi zai ja sauran labarin. Na'urar basma da ke ƙofa, wadda ake dangwala wa yatsa don nuna an zo aiki, ba ta gane shi, sai manaja ya ga ga hanyar rubuta masa fashi. Amma Tanko kullum shi ne farkon zuwa, kuma kyamarar tsaro da kamfanin ya kafa don kama masu satar sabulu tana nuna shi ƙarfe biyar da rabi yana gaida na'urar. Aka sauya wa bas ɗin ma'aikata hanya, ya taho a ƙafa. Aka tura shi share filin ajiye motoci da tsakar rana a watan Yuli, sai mai duba aiki ya tuna da dokar ƙarfe 12 zuwa 3, ya biyo shi da lema yana riƙe masa don kada a ce a rana yake. Aka ɗauko masanin harkar ma'aikata da kuɗi mai yawa, ya zo da allo da zane-zane. Ka'idar hauhawa ita ce kowane yunƙuri ya fi na baya tsada ga kamfanin, ya kuma fi shi muni ga Tanko. Uku ko huɗu sun isa a minti ashirin. In kun kai shida, mai kallo ya riga ya gane salon, sai ya fara duba waya.

Kada ku mayar da Tanko wawa. Wannan shi ne inda camama ke shigowa ta taga. Mutum ne mai hankali da ya ga jiya ya ga yau, yana da 'ya'ya a Kano ko Damagaram da ke jiran ƙarshen wata, ya kuma lissafa cewa haƙuri ne kaɗai jarin da ba a iya cire masa tara a kai. A wuri ɗaya tak, wajen minti na goma sha huɗu, ku bar mai kallo ya gane cewa ya san komai tun ranar farko. Ba sai ya yi jawabi ba. Ya isa a ga kalanda a jikin gadonsa mai hawa biyu, an soke kwanaki da biro, an zagaye ta talatin.

Mugun ma kada ya zama mutum ɗaya, kada kuma ya zama ƙabila. Fim ɗin da ya ce Balarabe azzalumi ne, Bahaushe abin zalunta, ya yi ƙarya, kuma masu kallo sun san ƙarya ce. Sarƙa ce mai tsawo. Akwai ejan da ya karɓi kuɗin biza tun daga gida. Akwai mandub, wakilin kamfani a ofisoshin gwamnati, mai yawo da fasfo cike da jaka. Akwai mai duba aiki, wanda ya fi kyau ya zama Bahaushe, yana ce wa Tanko "Baba" yana cin tuwo tare da shi ranar Juma'a, kuma shi ne ke riƙe da katunan cirar kuɗin ma'aikata a ɗaure da roba. Albashi yana shiga banki kan lokaci, takarda ta nuna an biya, da yamma ya je ya cire ya miƙa wa kowa abin da aka ga dama. Manajan shi ma baƙo ne mai igama, tsoronsa bai gaza na Tanko ba. Mai kamfanin kada a taɓa ganin fuskarsa. Saƙon murya kawai, mai taushi, yana farawa da doguwar gaisuwa da addu'a, ana jin ƙarar cokali a faranti a bayansa.

Maganar fim ɗin ta zama kamar yadda ake yi a masaukin ma'aikata: Hausa tsakanin juna, da gurguwar Larabcin nan ta wurin aiki tsakaninsu da manaja da 'yan Bangaladesh da 'yan Habasha, irin su "mafi mushkila", "bukra", "sadiƙ", "kullu tamam". Kada ku gyara ta ta koma Larabcin makaranta. Zagi ba ya ba da dariya a irin wannan fim. Habaici da gugar zana da ladabin da ya wuce kima su ne makamai. Manaja kada ya ce "ba zan biya ka ba". Ya ce kamfani iyali ne, kuma a cikin iyali ba a lissafi. Duk jimlar da ke bayyana darasin fim ɗin, ku soke ta. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ku karanta fitowa ku cire layi biyu na ƙarshe, sau tari za ku ga ta fi kyau.

Addini kuwa a yi taka-tsantsan da shi. Hadisin da ke umartar a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe sananne ne, kuma duk marubuci zai so ya taɓa shi. Iyakar abin da ya dace shi ne a rataye shi a bango bayan kujerar manaja, kyamara ta ɗauke shi tare da manajan, ba wanda ya ambace shi. In ɗan wasa ya yi barkwanci da lafazinsa, kun bar zambon kamfani kun shiga abin da masu kallo ba za su yafe ba, hukuma ma haka. Gawa ita ma haka. Irin wannan fim a wasu ƙasashe yana son wasa da mamaci, amma a wurinmu da an ga ana jan gawa ana jinkirta jana'iza dariya ta ƙare. In labari ya buƙaci mutuwa, a ji ta a baki, a ga gadon da aka naɗe katifarsa, a ga akawu yana tambayar wa zai biya kuɗin yunifom ɗin da bai dawo ba.

Ƙarshe: yajin aiki ba zai yiwu ba, don ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki ba su halatta a ƙasar ba. Abin da ke akwai shi ne ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, in ba a daidaita ba a wuce kotun ƙwadago, waɗanda suka fara aiki a 2018. Kotu kuwa tana warware rikici, ba ta ba da dariya. Ƙarshen da ya dace da wannan labari shi ne Tanko ya ci nasara a takarda. Ya cika shekara goma, an kori manaja saboda kuɗin da ya ɓarnatar, an tura 9,000 cif asusun Tanko. Hoton ƙarshe, mai duba aiki a gaban na'urar cirar kuɗi yana zaro kati daga cikin roba, Tanko a bayansa da mofa yana goge tayil, ya ce masa cikin ladabi ya ɗan ɗaga ƙafa.

Sai batun hukuma. An sake buɗe gidajen sinima a Afrilun 2018 bayan kusan shekara 35, an kafa Hukumar Fina-finai a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a 2020, don haka shirya fim sana'a ce halattacciya, amma mai ƙa'ida. Ɗauka a titi ko kasuwa ko duk wurin jama'a sai da izini, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗa kai da kamfanin shirya fim mai rajista a ƙasar, shi ya nemi izinin da sunansa, ya miƙa taƙaitaccen labarin kamar yadda yake. Kada ku miƙa labari ɗaya ku ɗauki wani. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000 kan ɓata suna ko keta sirrin mutum da kyamarar waya, da ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai riyal miliyan 3 kan abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko addini ko tarbiyya. Wannan ne ya sa gina labarin a kan kamfanin da ke zagaye rubutacciyar doka ya fi ƙarfi, ya kuma fi aminci: dokar ƙasar ce ma'aunin da ake auna kamfanin da shi. Kada jami'in gwamnati ko ɗan sanda ko mai kakin hukuma ya fito a ciki, labarin ma bai buƙace su ba.

Sunan kamfanin ku ƙirƙira, sannan ku bincika a rajistar Ma'aikatar Kasuwanci ku tabbatar babu mai irinsa. Yunifom ku ɗinka naku da launin da ba a san wani kamfani da shi ba. Lambar mota da tambarin banki da fuskar mai wucewa duk a kauce musu tun wurin ɗauka, gogewa daga baya aiki ne mai cin lokaci kuma yana nunawa. Kada ku buga igama ko fasfo ko takardar kuɗi ta bogi mai kama da ta gaske. Bangon fasfo a cikin jaka ya wadatar. Kada ku ɗauki komai a masaukin wani kamfani na gaske ko da ma'aikatan sun yarda, su ne za su kwana a ciki bayan kun tafi. Harami da kewayensa a bar su gaba ɗaya, kyamara mai tashi sama ita ma izininta daban ne. Duk wanda zai fito, ya zama takardunsa cikakku ne, ya sa hannu a takardar amincewa. Wanda ya shigo da bizar Umara ko wanda aka rubuta masa hurub, wato an kai rahoton ya gudu daga aiki, sa fuskarsa a fim jefa shi cikin tarhil ne, wato a kama shi a mayar da shi gida. Mai igamar wani kamfani kuma ya sani cewa yi wa wani aiki da lada ba tare da izini ba saɓa doka ne, wannan ma dalili ne na bi ta kamfani mai rajista, wanda zai tsara yadda kowa zai shiga a kuma biya shi. A biya shi ɗin kuwa. Fim kan cin gumin ma'aikata da aka yi da 'yan wasan da ba a ba ko kuɗin mota ba, labarinsa zai riga fim ɗin isa gari.

Wurin ɗauka uku sun ishe ku: ɗakin kwana mai gadaje masu hawa biyu, ofis, da fili ko cikin bas. Istiraha ɗaya, wato gidan hutu na haya, a bayan gari za ta ba ku duka ukun in kun yi mata kwalliya. Kada ku rubuta fitowar da ta dogara da tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tafi da yawancinsu. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Ƙaramar tawagar ɗaukar fim na iya ɗaukar shafi uku zuwa huɗu a rana in ana son aiki mai kyau, don haka minti 18 kwana biyar ne ko shida. In 'yan wasanku Juma'a kaɗai suke hutu, wata ɗaya da rabi ke nan, kuma a nan ake samun matsalar da ke kashe ƙananan fina-finai: wani ya yi aski, wani ya rage gemu, tabon riga ya koma wata kafaɗa. Ku ware mutum ɗaya da aikinsa kawai ɗaukar hoton kowa da waya kafin a fara da bayan an gama, kayan sawa kuma su kwana a wurinku. Ranar Juma'a kashi biyu ce, daga fitowar rana zuwa sha ɗaya, sai daga ƙarfe biyu zuwa magariba. Ku tsara hutu a kan lokutan salla, don kiran salla zai shiga makirfo ko kun rufe ƙofa. Ku ɗauka tsakanin Disamba da Fabrairu, zafin Yuli kuwa a ƙirƙiro shi da hasken tsakar rana da feshin ruwa haɗe da gilisirin a goshi da wuya, wanda ba ya saurin bushewa.

Ga wani abu da ke kama duk wanda ya koyi aiki a Kano. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Sudan tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Saudiyya sau 60. Mai ɗauka da ya saba da hoto 25 a daƙiƙa da ƙiftawar kyamara ɗaya bisa 50, in ya shiga ofis mai dogayen fitilu zai ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a hoton, wani lokaci ba a lura sai a babban allo. Ku sa ƙiftawar a ɗaya bisa 60, hoto kuma 24 ko 30 a daƙiƙa, ku gwada minti ɗaya a kowane ɗaki kafin 'yan wasa su iso. Farin hasken ofis mai ɗan kore kada ku gyara shi, shi ne launin fim ɗin. Kyamara ta zauna a kan ƙafarta, ba girgiza, ba zuƙowa. Irin wannan barkwanci ya fi fitowa a faffaɗan hoto, inda ake ganin mai magana da mai sauraro da girman teburin da ke tsakaninsu lokaci guda. Kusantar fuska a ajiye ta sai wuri biyu ko uku, kamar yatsan nan a kan takarda.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, don dariyar a bakin mutane take. Makirfo biyu na maƙalawa a riga da ɗaya na sanda sun wadatar. Babban abokin gabarku esi ne. A sanyaya ɗakin sosai, a kashe shi da firji lokacin ɗauka, a kunna tsakanin ɗauka da ɗauka. A kowane wuri a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya kowa ya yi tsit, da shi mai tacewa zai cike giɓi, in babu shi duk yanka sai an ji shi. Hoto mai girman 4K a megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 45 a awa. Minti 18 da aka maimaita kowace fitowa sau takwas ya haura awa biyu, don haka wuri ba matsala ba ne, amma a kwafe komai a ma'aji biyu daban-daban kafin a bar wurin ɗauka.

Wurin tacewa kada a sa ƙarar ban dariya, irin ta zamewa ko busa ko dariyar gwangwani. Kiɗa ma kaɗan, ko a bar ƙugin esi da ƙarar na'urar basma mai cewa a sake gwadawa su zama kiɗan. Bayan maganar da ta fi zafi, a bar hoton ya tsaya daƙiƙa biyu ko uku a kan fuskar wanda aka faɗa wa, a nan dariyar ke fashewa. Sababbin masu tacewa suna yankewa da wuri saboda shirun yana ba su tsoro. Kafin ku kulle, ku nuna wa mutum goma zuwa goma sha biyar, rabinsu masu irin wannan aiki, ku zauna a baya kuna rubuta mintin da aka yi dariya da wanda aka yi shiru. In ma'aikatan sun yi dariya a inda ake wulaƙanta Tanko ba tare da wani ya ce "wallahi haka suke yi" ba, fitowar ta karkata, dariyar ta koma kansa, a sake yanka ta.

Fassarar ƙasan allo ku yi ta Larabci da Turanci, kada ta wuce layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42. Mai fassarar ya zama wanda ya tashi a Makka ko Jidda yana jin harsunan biyu, don habaicin Hausa in aka juya shi kalma da kalma yakan koma gaisuwa. Gurguwar Larabcin kuma a fassara ta zuwa Hausa saboda masu kallo na gida. In kuna da niyyar kai shi bikin fina-finai na Red Sea da ake yi a Jidda tun Disambar 2021, ko bikin fina-finan Saudiyya da ake yi a cibiyar Ithra a Zahran, kada ku ɗora shi a YouTube ko TikTok tukuna, don bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet. Ku karanta sharuɗɗan shekarar kan tsawon fim da ƙasar mai ba da umarni, ku ajiye takardun amincewar 'yan wasa da izinin ɗauka da na kiɗa a fayil ɗaya, don za a iya neman su kafin a sa fim ɗin a jadawali.